Shekarar da Na Rufe wa Baba Alhaji Ƙofa

Da sunan Allah na fara, kuma ku zama shaida da shi na fara, don har yau a kasuwar Madawa akwai tsofaffin da in aka ambaci Rabi Sakatare sai su ce, "Wace? Wadda ta hana bismillah?" Za mu zo kan wannan maganar, kada ku yi gaggawa.

Ƴaƴana, kun sha ɗauko hoton sunan Mamman daga akwatina kuna ƙirga kawuna, kuna tambaya ina Baba Alhaji, mutumin da aka sa wa jaririn sunansa. Kullum sai in ce muku tafiya ce ta kama shi. To, babu tafiyar da ta kama shi. Yana gida ranar, gida uku ne tsakaninmu, yana jin guɗar mata da kunnensa. Fushi yake yi da ni, kuma ni na jawo. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwa ta hana ni yawo, lokaci ya yi mini yawa, gara ku ji yadda abin ya faru daga bakina kafin gwaggwanninku su ƙara masa gishiri.

Baba Alhaji aminin mahaifina ne. Da mahaifina ya rasu ina ƴar shekara bakwai, shi ya ɗauke ni, shi ya kai ni lekol, wato makarantar boko, da hannunsa, shi ya tura ni koyon buga keken rubutu lokacin da ake cewa ba aikin mace ba ne. Da manoman albasa da masu garka na Madawa da Buza da Keita suka haɗa koperatib ɗinsu wuri ɗaya, shi suka zaɓa shugaba, ni kuma na zama sakataren biro, wato ofishin ƙungiyar. Abin da kowa ya san shi da shi shi ne zaurensa. Zauren nan ba shi da ƙyaure. A wata shekarar yunwa ya cire shi da kansa ya ba matarsa ta yi girki da shi, ya rantse ba za a sake sa wani ba. Duk mai tafiya cin rani daga Adar zuwa kudu a nan yake ya da zango. Kuma kafin zuwan salula, wasiƙun ƴan cin rani a nan suke sauka. Direba ya taso daga Legas ko Abijan ya jefa damin wasiƙu a zaure, Baba Alhaji ya rarraba su, ya ba ɗan Azarori nasu, ya ba mai tafiya Tamaske nasu. Bai taɓa tambayar wa ya rubuta ba, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba, kuma da wannan yake taƙama fiye da aikin hajjinsa.

Ina da cikin Mamman wata uku aka kawo mana injin. Wani poroje ne na masu ba da tallafi ya ba mu, aka turo wani teknisiyen daga Yamai mai suna Abdu ya kafa shi a kusurwar birona. Baƙin akwati ne mai gurnani, sunansa serber, aikinsa ya karɓi wasiƙun mel na ƙungiya, wato na intanet, ya aika su duniya da adireshinmu. Abdu ya yi kwana huɗu yana koya mini, ya bar mini littafi da lambar wayarsa, ya hau mota ya tafi. Ni da na saba da keken rubutu mai ƙararrawa, sai ga ni ina buga umarni a kan baƙin allo. Babanku, wanda ku kun san malamin lekol ba ya barin abin tsokana ya wuce shi, ya koma kirana Madam Minista.

Matsala ta fara ne daga ƙauye. Sakatarorinmu na Tamaske da Garhanga da Azarori da Buza da sauran ƙauyuka kowa na da ƴar kwamfuta da kile, ɗan abin kama intanet da ake soka mata. In suka rubuta wasiƙa, sai ta biyo ta injinmu na Madawa sannan ta wuce inda za ta. To, injin ya san kwamfutocin cikin biro kaɗai. Duk wanda ya zo daga waje sai ya mayar masa da wasiƙarsa da ɗan rubutu cikin Faransanci cewa ya ƙi yi masa rale. Illa, sakataren Tamaske, ya hawo babur takanas ya kawo ƙara gaban Baba Alhaji. Aka kira ni.

"Ke ɗiyata," in ji Baba Alhaji, "mi a rale?"

Na yi tunani, na ce, "Baba, awa zango na. Wasiƙa ta sauka wurinmu ta huta, mu miƙa ta gaba."

"To, zaure na ke nan."

"Kusan hakanan na, Baba."

"Kuma zauren ga namu shi ka korar baƙi? Da sunana bisa ƙohwa? Tahi ki buɗe shi."

Na buga wa Abdu waya. Ya ce akwai hanyar da ta dace, amma sai an zauna an ba kowa suna da kalmar sirri, shi kuma yana Zinder wajen wani aiki. Ya ce in dai na ɗan lokaci ne, akwai layi ɗaya a cikin takardar tsarin injin inda aka lissafa waɗanda aka yarda su aika. In goge lissafin in rubuta cewa kowa da kowa. Ya ce in tuna masa bayan sati biyu. Da yatsana na goge, da yatsana na rubuta, kuma ban tuna masa ba. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku ɗora wa Abdu ko Baba Alhaji laifin duka. Wasiƙar Illa ta wuce kamar an shafa mata mai, Baba Alhaji ya sa mini albarka gaban mutane, na koma gida kaina ya yi girma.

Wata huɗu muna jin daɗi. Sai na lura injin ya daina hutawa. Ƴar fitilarsa da da take ƙyaftawa jefi-jefi ta koma ƙyaftawa ba tsayawa, gurnaninsa ya ƙaru, intanet ɗin biro ya yi nauyi har in danna abu in je in yi alwala in dawo bai buɗe ba. Na ɗora wa zafi laifi, na sa aka juya masa fanka. Daga nan wasiƙunmu suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ran nan na buɗe littafin Abdu na nemo umarnin da ke nuna wasiƙun da ke layi suna jiran fita. Na zaci zan ga uku ko huɗu. Rubutu ya yi ta gudu a kan allo, ya yi ta gudu, har na sa hannu na dafe cikina. Dubbai ne, kuma cikin waɗanda idona ya kama babu ko ɗaya tamu. Na buɗe wasu. Wannan wai matar wani minista ce da ya rasu ya bar akwatin zinari tana neman mai amana. Wannan maganin ƙarin gashi. Wannan maganin ƙarfin maza, da hoto, na yi maza na rufe ina istigfari. Wasu da harsunan da ban ma san ta ina ake fara karanta su ba. Duk ta birona suke bi, duk da hatimin injinmu suke isa gidajen mutane.

Da na ba babanku labari wajen cin tuwo, dariya ya yi har ya ƙware.

"Ashe Madam Minista kin buɗe kyamis ba ki gaya min ba," in ji shi. "Na gashin nan, a aje min kwalba guda."

Abdu bai yi dariya ba. Ya ce akwai mutane a duniya da ba su da aiki sai sa inji yana zagayawa yana ƙwanƙwasa ƙofar kowane serber, in ya samu wadda take buɗe sai su mayar da ita hanyar shararsu, don in an bi sawu a kanmu za a tsaya, ba a kansu ba. Ya ce akwai kuma masu tsaron da ke rubuta sunan irin waɗannan injuna a baƙar lista, manyan gidajen mel na duniya kuma duk suna duba listar nan kafin su karɓi wasiƙa. Sunanmu ya shiga. Ko wasiƙar gaisuwa muka aika, a wurinsu shara ce. Kuma ba za a cire mu ba sai an gwada ƙofar an same ta a rufe.

Ga abin da ya sa hankalina ya tashi. Matan Garhanga sun yi shekara biyu suna neman a haƙa musu rijiya a garkarsu, don da tulu suke ɗauko ruwan ban-ruwa daga nesa. Wasu abokan hulɗa a Turai sun yarda, suka ce a aiko da takardun kafin Juma'ar ƙarshen wata, kuma daga adireshin ƙungiya kaɗai, don sun gaji da ƴan damfara. Takardun suna hannuna a shirye. Sau uku ina aikawa suna dawowa. Saura kwana tara.

Na sami Baba Alhaji a zaure da hantsi, na durƙusa da ƙyar saboda ciki, na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara yana jan carbi. Da na kai wurin cewa dole kowa ya faɗi sunansa da kalmar sirri kafin injin ya karɓi wasiƙarsa, sai carbin ya tsaya.

"Har ni?"

"Har kai, Baba. Inji bai san huska ba."

"Rabi, shekara talatin ɓarayi na kwana zauren ga tare da mutanen kirki. Bargo guda ɗai nit taɓa rasawa. Ban sa ƙyaure don bargo ba, ba ni sa shi don maganin gashi. Su gama aika abinsu su tahi."

"Baba, waɗanga ba su tahiya. Kuma rijiyar Garhanga..."

"Rijiya ta Allah ta. Ki rubuta ma Turawan nan ki ce ba mu na ba."

"In na rubuta ba ta isa, Baba. Shi na abin da nika hwaɗa maka."

"Na gama magana. Gobe ina tahiya Tamaske, in na komo mu gani."

Na fito idona ya cika, na shiga cikin gida wurin matarsa, Inna Hajo, wadda ta goye ni ta kuma aurar da ni. Tana zaune gindin bangon da ke bayan zaure tana yanka kuɓewa, inda na san ta tun ina yarinya. Ashe ta ji komai. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Bargo guda, in ji shi. Kin san don mi bargo guda na?"

Na ce ban sani ba.

"Ke kina tsammani daɗin inuwa ka sa ni zama nan? Duk wanda yaz zaka zauren ga sai ya yi sallama, ko ba haka ba? To, ni ka jin sallamar. Na san muryar ɗan Azarori, na san ta ɗan Buza. In nij ji muryar da ban sani ba, sai in aika da hura, in ce a tambaye shi ɗan wa na, daga ina. In bakinai ya yi ta kewaye-kewaye, kahin Alhaji ya komo daga masallaci na sa an raka shi tasha. Waɗanda nik kora sun hi gashin kanki yawa. Zaurenai ba shi da ƙyaure, gaskiya na, amma shina da ni. Naki zauren wa ag gare shi?"

Na ce babu kowa.

"To, ki sa mishi. Amma kak ki ce ni nig gaya maki."

Ban san ko kun taɓa jin abu ya faɗo muku daidai wurinsa ba. Abin da Abdu ya yi ta faɗa mini da Faransanci, Inna Hajo ta gama shi tana yanka kuɓewa. Ba korar baƙo ake nema ba, sallama ake nema. Amma zan faɗa muku gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ban koma na yi wa Baba Alhaji wannan bayanin ba. Tsoro na ji kada ya sake cewa a'a, in rasa hanya. Washegari na tsaya a tagar biro sai da na ga motarsa ta ɗauki hanyar Keita mai kaiwa Tamaske, sannan na ɗauki waya. Wannan shi ne laifina na gaske, kuma shi na biya.

Daga safe zuwa azahar muka yi aikin, Abdu a waya, ni a gaban allo da kofin kunun tsamiya. Da farko na tsayar da injin, na share tulin sharar da ke layi, sai da na tsince namu guda goma sha wani abu na ajiye gefe. Na koma kan layin nan da na ɓata da yatsana, na mayar da shi yadda yake: kwamfutocin biro kaɗai ke wucewa ba tambaya. Na buɗe wata ƙofa daban don mutanenmu na ƙauye, wadda ba ta karɓar wasiƙa sai an ba ta suna da kalmar sirri, kuma a naɗe suke tafiya yadda mai laɓe a hanya ba zai karanta ba. Abdu ya sa na ƙara doka cewa ko namu ne, in ya aika wasiƙu fiye da kima cikin awa ɗaya a tsayar da shi, don in an sace kalmar wani kada a kwashe mu gaba ɗaya. Sannan ya ce bari ya gwada daga can kamar baƙo. Sai na ji ya karanto mini amsar injin, kalmar nan da ta jawo duk rigimar: an ƙi rale. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni kaɗai a biro da ciki wata bakwai, har mai gadi ya leƙo. Daga nan muka rubuta wa masu baƙar lista takardar tuba, muka ce mun gane kurenmu, ga gyaran da muka yi, su zo su gwada.

Na yi niyyar in kira sakatarori ɗaya bayan ɗaya in ba su suna kafin kowa ya taɓa kwamfuta. Reso, wato layin waya, ya ƙi shiga Tamaske. Ranar kuwa Baba Alhaji ya tara manyan gari a biron Illa, da wasu baƙi daga Tawa, yana so ya nuna musu yadda wasiƙarsa ke isa Yamai kafin a gama shan shayi. Ya faɗa, Illa ya rubuta, aka danna. Sai wani ɗan akwati ya fito a kan allo. Baba Alhaji ya ce a karanta masa. Illa, wanda Allah bai ba shi dabarar rufa asiri ba, ya fassara da ƙarfi:

"Alhaji, wai cewa yay yi kai wa na."

An ce dariyar da aka yi har masu awon gero a waje sun ji. Da ya dawo Madawa bai aiko a kira ni ba, da kansa ya zo biro, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Ni anka tambaya ko ni wa na, Rabi? Gaban mutanen Tawa? Cikin gidan da nig gina?"

Na fara magana, ya ɗaga hannu.

"Da kin ce min a'a ido da ido, da na san ɗiya gare ni mai taurin kai. Amma kinka jira sai da nib ba da baya."

Ya juya ya tafi. Wannan maganar ta fi mari zafi, don gaskiya ce. Na zauna na yi kuka sosai.

Ranar Laraba na tara sakatarorin don kowa ya zaɓi modepas, wato kalmar sirrinsa. Na ce kowa ya zo shi kaɗai ya raɗa mini. Na Azarori ya sunkuyo ya ce bismillahi. Na Buza ya zo ya ce bismillahi. Ta Garhanga, bismillahi. Illa ya waiga hagu da dama kamar mai sayar da kayan sata, ya ce, "Wagga ba mai gane ta," ya ce bismillahi. Su tara, babu wanda ya saɓa. Na ce ba za ta yiwu ba, don ita ce kalmar farko da duk wanda ya san mu zai gwada. Aka yi ca a kaina, wai da me Musulmi zai buɗe abu in ba da sunan Allah ba. Na ce su faɗe ta da baki kafin su taɓa inji, lada na nan, amma abin da za su buga ya zama doguwar magana da babu mai sani sai su. Suka yarda suna gunaguni. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa cewa Rabi ta kori Alhaji ta kuma hana bismillah. Ga asalin maganar da kuke ji.

An cire mu daga baƙar lista ranar Alhamis. Na aika takardun Garhanga, na zauna ina kallon allo ina jiran su dawo kamar yadda suka saba. Ba su dawo ba. Da safiyar Juma'a amsa ta zo cewa sun isa.

Na zaci wannan zai wanke ni. Bai wanke ni ba. Damina guda Baba Alhaji bai yi mini magana ba. In akwai takardar sa hannu sai ya aiko mai gadi, in na gaishe shi a hanya sai ya amsa wa iska. Wasiƙa kuwa ya koma ba direbobi kamar da. Da na haihu muka sa wa yaron sunansa, ina cewa ko don wannan zai zo. Bai zo ba. Da sassafen ranar suna sai ga Inna Hajo tana jan wani rago fari da ƙyar take riƙe shi.

"An ce in ce maki ba shi yab ba da shi ba," in ji ta.

Na yi dariya da hawaye tare. Ku duba hoton da kyau, za ku ga idona a kumbure, ba na haihuwa ba ne.

Sai bayan kaka, da aka gama rijiyar, matan Garhanga suka aiko masa da kwandon tumatir na farko. Kwana biyu bayan haka ina biro da Mamman a baya, na ji sallama daga bakin ƙofa. Na san muryar, amma shi bai taɓa yin sallama a biron nan ba, shigowa kawai yake yi. Na amsa. Bai shigo ba, ya sake yi. Na sake amsawa. Ya yi ta uku. To, ku kun san halina, bakina ba ya jin magana.

"Wa ka sallama?" na ce.

Har na fara nadama, sai na ji ya ce:

"Mamman na, ɗan Abdullahi, na unguwar masallaci. Baƙo na, wasiƙa gare ni."

"Shigo, an san ka."

Ya shigo yana haɗe fuska, gemunsa na rawa don dariyar da yake dannewa. Ya kwance jaririn daga bayana ya yi masa addu'a, ya ce kan yaron irin nasa ne. Sannan ya ce a ba shi nasa makullin. Na gaya masa doka: doguwar magana, ba bismillah ba, ba sunan Inna Hajo ba, ba sunan gari ba, kuma kada ya gaya wa kowa, har ni. Ya ce in fita. Ta taga na hango shi ya rufa hannun babbar rigarsa a kan madannai, yana neman haruffa da yatsa ɗaya da ɗan bokon da ya koya a makarantar manya. Ya daɗe. Da ya gama ya rubuta a ƴar takarda ya cusa cikin hularsa. Na so in ce masa ba a rubutawa, na ga gara a bar wannan yaƙin.

Daga ranar muka koma kamar da. Na roƙe shi gafara kan jiran da na yi ya ba da baya, ya ce ya yafe. Amma ko sau ɗaya bai ce na yi daidai ba. Shekara da shekaru, in baƙi suka zo biro sai ya nuna ni ya ce, "Ga ɗiyata mai ƙyaure, ku riƙe sunayenku da kyau." In Illa ko wani zai aika wasiƙa a madadinsa, sai an kai wurin modepas ya kore su, ya ciro takardar daga hula, ya rufa hannun riga, ya buga da kansa. Na sha cewa lokacin canza ta ya yi, ya ce tasa ba ta tsufa. Na haƙura da jin cewa na yi daidai daga bakinsa, na ce dattijo ne, rago ya isa.

Bayan rasuwarsa da kwana arba'in Inna Hajo ta kira ni gindin bangon nan. Ta miƙo mini ƴar takarda da ta yi laushi da gumi, ninkinta ya kusa tsagewa.

"Cikin hulatai nis same ta. Ni ban iya boko ba. Karanta min in ji ko sunan wata mata na."

Na buɗe. Rubutunsa ne, haruffa manya suna hawa suna gangara, babu tazara tsakaninsu, yadda ake buga su a inji. Sai da na bi su da yatsa sannan suka rabu: rabi ta hi ni gaskiya.

Na karanta mata. Ta kama dariya tana share ido da bakin zane.

"Sunan wata mata na kuwa," in ji ta. "Shekara goma sha wani abu shina hwaɗa ma inji kullum, ke ko sau guda bai hwaɗa maki ba."

Jiya na sa aka sayo mini gam na manna takardar a bayan hoton sunan Mamman. In kun sake ɗauko shi kuna neman Baba Alhaji, ku juya hoton.